Bangon da Na Zana wa Kaka

A Sabha ta ƙasar Libiya aka haife ni, a unguwar Tayuri, a ɗakin da har yau nake kwana. Ban taɓa taka ƙasar Nijar ba. Idan na shiga shago a Gurda, unguwar Larabawa, na buɗe baki da Larabcin da na gama sakandare da shi, mai shago zai dubi fuskata ya tambaye ni yaushe zan koma ƙasarmu. Idan na dawo unguwa na yi Hausa, matan da suka zo daga can su ce, "Ku ji 'yar Libiya, kamar da ƙwallon dabino a bakinta." Na daɗe da daina ba kowa amsa. Ba ni da haƙurin bayani.

A shekarar da nake ba da labari, Kaka, wato uwar Inna, ta aiko da saƙon murya ta wayar kawuna daga ƙauyensu a ƙasar Damagaram. Ta ce idonta ya fara ja da baya, tana so ta ga jikarta da aka haifa a ƙasar Larabawa tun yana gani. An taɓa aika mata hotona ina ƙarama, ta ce wannan ya tsufa, na yanzu take so, da na zama mace.

Akwai yadda ake ɗaukar hoton aikawa gida a unguwarmu. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ba a ɗauka a Tayuri. Ranar Juma'a da la'asar mutum zai yi wanka, ya sa kayan salla, ya tafi Gurda ya nemi ƙofar wani Balarabe mai sabon fenti, ya tsaya a gabanta ya ɗora hannu kamar yanzu ya fito daga ciki. Samari kuma su jingina da motar da ba su san mai ita ba. Babana ya fi kowa ƙofofi, don shi ya yi wa da yawa fenti. Har aronsu yake bayarwa. Sai ka ji ya ce, "Je ka bayan gidan burodi, shuɗiyar nan, maigidan ba ya dawowa sai magariba."

Inna ta ce mu je shuɗiyar. Na ce ba zan je ba.

"Don me?"

"Don ba ƙofarmu ba ce."

"To tsaya a nan." Ta nuna bangon tsakar gida, bulo tsirara, siminti ya zubo tsakani ya bushe kamar majinar yaro. "Tsaya ki nuna wa tsohuwa abin da zamanmu ya haifa a ƙasar mutane."

Ban shirya abin da na ce ba, fitowa ya yi. Na ce zan zana gidansu a bangon nan, in tsaya a ƙofarsa, Kaka ta gan ni a gida.

"Gidan da ba ki taɓa gani ba?"

"Ke ai kin gani."

Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ni kuwa tun daga lokacin abu ɗaya ya tsaya mini a rai: Kaka ta dubi hoton, ba wanda ya gaya mata komai, ta ce, ga jikata a ƙofar gidanmu. Ba na son a yi mata bayani. So nake ta gane da kanta.

Hannu kam ina da shi. Ni nake yi wa amaren unguwa zanen lalle, kuma tun ina makaranta nake cika bayan ƙyauren ɗakinmu da furanni. Fenti ma ba ya wuya a gidanmu. Kullum da safe Baba yana tsugune a bakin titi a unguwar Jadid tare da sauran masu jiran aiki, kowa da kayan sana'arsa a gabansa don mai mota ya gane shi ba sai ya tambaya ba: mai guduma, mai shebur, Baba da rolarsa a tsaye cikin bokiti. Ragowar da aka bar masa yakan kawo gida, gwangwanaye jere a gindin bango. Duk launin da Larabawa ke so ne: ruwan madara, ruwan hoda, wani shuɗi mai sanyi, koren ƙofar masallaci, sai jan da ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa.

Da na gaya masa ya yi dariya. Sunan uwarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, ni bango ɗaya launi ɗaya na sani. Wannan naki aikin 'yan boko ne."

Amma ya yaɓe mini bangon, ya shafa fari. Sharaɗi ɗaya ya ba ni: ban da mai rai. A tsakar gidan nan ake salla. Ba mutum, ba akuya, ko kaza kada in sa. Na ce na ji.

Wahalar ta fara da tambayar Inna. Ita ba ta san kwatance da siffa ba.

"Inna, idan an shigo ƙauyen, me ake fara gani?"

"Gidan mai daddawa."

"Yaya yake?"

"Ai tun kafin ki gan shi za ki ji shi."

"Inna, wari zan zana?"

"Ƙamshi dai, marar kunya."

"To rumbu fa, yaya yake?"

"Rumbu dai."

"Kamar me?"

"Kamar rumbu mana! Wai me suka koya muku a lakwal ɗin nan?"

Na ɗauko waya na nemo hotunan rumbuna ina nuna mata. Wannan ta ce na Adarawa ne. Wancan ta ce ko na wa ne Allah ya sani. Daga ƙarshe ta kifa ƙwarya a kan tulu, ta ɗora faifai, ta ce ga shi nan, sai dai nasu ya fi ciki, kuma a kan duwatsu yake zaune saboda gara. Da haka na riƙa tsinta, yau kaɗan, gobe kaɗan. Akwai kuka mai kogo gabas da gida. Akwai rijiya da bakinta ya cinye da sawun igiya. Ƙofar zaure gajera ce, sai mutum ya sunkuya, ko sarki ne. Gidajen na ƙasa ne, ja-ja.

Yadda gida yake kam ban tambaya ba. Wa zai tambayi yadda gida yake? A gida nake zaune.

Na ɗaura igiya na rataya tabarmi da tsofaffin zannuwa don kada kowa ya leƙa. Da sassafe nake aiki, kafin rana ta hau bangon fenti ya riƙa bushewa a bakin buroshi. Jan ƙarfe na gauraya da ruwan madara har na samu launin laka. Tsofaffin buroshin Baba na rage da almakashi. Ƙananan layuka kuma, ledar lalle na naɗe na zuba fenti na riƙa matsawa kamar ina zane a tafin amarya. Ƙudaje suka yi ta maƙalewa a sararin saman da na zana, ina cire su da tsinke ina zagi.

Wani abu ya same ni a bayan tabarmin nan da ban gaya wa kowa ba. Da kukar ta tsaya da rassanta, na fara jin kamar na san wurin. Ina zana zaure ina sunkuyar da kai. A zuciyata har "garinmu" nake cewa, kalmar da ban taɓa faɗa da gaske ba.

Ranar da na sauke tabarmi, Inna na gida da maƙwabtanmu biyu. Ɗaya Bakanuwa ce mai tuwo-tuwo, wadda ta zo da niyyar wucewa Turabulus tun ban yi wayo ba, har yau tana cewa bana za ta tashi. Ita da Inna kullum cikin wasan Kanawa da Damagarawa suke. Ɗayar tsohuwa ce Ba'adara, ba ta cika magana ba.

Suka tsaya suna kallo. Na ɗauka kyau ne ya ɗaure musu baki. Sai Bakanuwa ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Damagarawa an ci gaba! Yaushe kuka fara ɗora bene a kan laka ba mu da labari?"

Na ce, "Gwaggo, mene ne?"

"Waɗannan tsinkayen da ke tsaye a kan soro fa?"

"Ƙarafa ne mana."

"Na me?"

"Na bene. Idan hali ya samu a ɗora."

Dariya ta kwantar da ita a kan tabarmar da na sauke. Ni ban ga abin dariya ba. Duk gidan da na sani a Sabha, daga namu har na masu hali, ƙarafan rodi ne tsaye a kusurwoyinsa suna jiran benen da za a yi wata rana. Ni a wurina haka gida yake ƙarewa ta sama. Da na zana na farko ba su, sai na gan shi kamar kai mai sanƙo, na ƙara masa.

Ba'adara ta matso, ta sa yatsa a kan rufin zauren.

"Wannan fa, 'yata?"

"Tankin ruwa."

"Wa zai hau da ruwan? Jaki?"

Sannan ta sunkuya ta bi wani baƙin layi da na ja daga rijiya har gindin kuka, inda na kewaye ta da ɗan gurbi. Ta ɗago ta dube ni da tausayi, wanda ya fi dariyar zafi.

"Kuka kika ja wa tiyo?"

"To me take sha?"

"Allah ke ba ta, 'yata."

Na san ana ruwan sama a can. Na karanta, Inna ma ta sha faɗa. Amma sani daban, hannu daban. Ban taɓa ganin itace tsaye ba tiyo a gindinsa ba. Wanda aka cire wa tiyo a nan mutuwa yake yi. Ba tunani na yi na zana ba, hannuna ne ya ƙi barin kukar da ƙishi.

Bakanuwa ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Wannan ai Tayuri ce aka sa wa hular rumbu."

Na juya wajen Inna. Ko ta yi dariya, ko ta kare ni, ɗaya nake jira. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce tukunyarta na kamawa, ta tafi.

Da Baba ya dawo na ce ya ba ni rola da fari, shafe shi zan yi duka. Ya miƙo mini ba musu. Na tsoma, na ɗaga, na kasa. Sai na ɗauki ƙaramin buroshi na bi ƙarafan da shuɗin sama, na rufe tankunan, na binne tiyon da launin ƙasa. Da ya bushe duk suka leƙo ta ƙarƙashi, dishi-dishi. Na sake shafawa, suka sake fitowa. Baba ya ce baƙin da na yi amfani da shi na mai ne, fentin ruwa ba ya rufe shi, sai dai a kankare har yaɓe. Na jefar da buroshin a bokiti na bar su.

Labari kuwa ya riga ya zaga unguwa, don abin da Bakanuwa ta gani kasuwa ta gani. Mata suka fara shigowa kallon ƙauyen da ke da bene. Su yi dariya, su gama, sai su ƙi tafiya. Ba'adara ce ta fara. Ta ce tun da akwai fili a bayan rumbunan, in sa mata tsaunukan duwatsu irin nasu, baƙaƙe, masu shimfiɗaɗɗen kai. Na ce ba garinta nake zanawa ba. Ta ce ta sani. Washegari na sa. Bakanuwa ta ce ita ba za a bar ta a baya ba, ko guntuwar ganuwa ce in yi mata, Damagarawa su samu abin jingina. Wata daga Agadas ta ce hasumiya. Wata Bagobira ta ce ramin jiƙa gero na gidansu, na ce wannan ba ya zanuwa, ta ce to turmi. Kowacce sai na ce a'a da ƙarfi, sannan in tashi da safe in yi. Har yau ban san dalili ba. Wataƙila don kowacce idan tana kwatancen nata, muryarta canzawa take yi, ta daina kirana 'yar Libiya, ta koma "ke 'yar nan, ɗan karkata shi hagu."

Kafin in farga, bangon ya zama garin da babu shi a ƙasar Allah. Kuka a tsakiya, dutsen Adar a baya, ganuwa ta taso ta ƙare a jikin rumbu, ga inuwar ƙarafa a saman komai. Ranar Juma'a mutane suka fara sallama a ƙofarmu da kayan salla. Kowa ya tsaya a gaban kusurwarsa, ya ce wa mai ɗauka ya matso kada na wasu ya shiga. Baba ya ce na kashe masa kasuwa, shuɗiyar ƙofarsa ta yi kwantai.

Su duk sun samu wurin tsayawa. Ni da na zana, ban san inda zan tsaya ba.

Inna ba ta ce komai game da bangon ba, amma ta matsar da kujerarta. A da a bakin madafa take tsintar shinkafa, yanzu ta koma gindin kukar. Wata rana haƙurina ya ƙare na tsaya a kanta.

"Inna, gidanku ne ko ba gidanku ba ne? Ki faɗa mini kawai."

Ta waiwaya ta dubi zauren.

"Ƙofar ba nan take ba. Ta wancan gefen take, wajen rijiya."

"Ke kika ce tana kallon kuka."

"Na ce haka?"

"Kin ce."

Ta tsayar da hannunta cikin shinkafa. "To ko nan ɗin take. Da ana fita, ana ganin... a'a. Wannan gidan kawun Babanki ne." Ta sake dubawa. "Tun da kika zana wannan, idan na rufe ido shi nake gani. Ke kin ɓata mini."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ita kaɗai ce shaidata, ga shi ita ma ta rikice, kuma wai ni na rikita ta.

Juma'ar da ta biyo na sa atamfar salla, na tsaya a gaban zauren, na ɗan sunkuya kamar mai fitowa. Baba ya ɗauka. Na hana Inna cewa komai a saƙon ban da gaisuwa, da cewa ni na yi zanen da hannuna. Muka aika wa kawu. A ƙauyen waya ba ta kamawa sai ya je kasuwar mako, sannan ya koma ya nuna wa Kaka, sannan ya jira wata kasuwar ya aiko da amsa. Cikin wannan jiran na ƙona miya, na yi faɗa da amaryar da ta motsa hannu lalle bai bushe ba.

Saƙon ya shigo da hantsi. Inna ta goge hannu ta zauna, na danna. Kaka ta yi gaisuwa mai tsawo, ta gaida Baba, ta gaida maƙwabtan da ba ta sani ba, ta tambayi zafi. Ana jin zakara a bayanta, da muryar kawu yana cewa ta matso da bakinta. Sannan ta zo kaina.

"Ƙawata, na gan ki. An kai ni inuwa an buɗe mini ke da yatsa har na ga goshin. Goshin gidanmu ne, ba inda kika bar shi. Sai dai ba kya ci, ko? An ce ke kika zana garinku da hannunki. Madalla. Ashe ƙasar Larabawa ma akwai kuka? Har da rumbu? Uwarki ta ce mini ba a noma gero a can, to me kuke zubawa a ciki? Garin naku ya yi kyau, ga dutse, ga ganuwa. Amma ba kowa a waje, ko akuya ban gani ba. Rana ce ta kore su? To gaya mini, a cikin gidajen nan wanne ne naku, in san inda zan sa ido idan ina yi muku addu'a."

Saƙon ya ƙare. Garinku ta ce. Ba ta yi ko shakka ba.

Na ce, "Inna, ki gaya mata. Ki ce garinta ne. Ki ce kukarta ce."

Inna ta tura mini wayar a kan tabarma. "Ke kika zana. Ke ta tambaya."

Na ɗauka na danne wurin magana. Na gaishe ta, na ce ina ci, jikina ne haka. Na buɗe baki zan ce, Kaka, ba ki gane ba ne, gidanki ne. Sai na ɗaga ido na dubi bangon, na nemi abin da zan kafa hujja da shi, ban samu ba. Wayar tana ta ɗauka, ba abin da ke shiga sai numfashina. Inna na kallona.

Na ce, "Wanda na tsaya a ƙofarsa, Kaka. Shi ne namu."

Na saki yatsa, saƙon ya tafi. Inna ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinta. Na tambaye ta ko ƙarya na yi wa tsohuwa. Ta ce in miƙo mata ruwa a moɗa.